Sasanci a Bayan Labule

Ina jayayya da masu cewa hukuncin 'yan sasanci yankan wuƙa ne, kotu ba ta da hurumin taɓa shi.

A 2010 Najeriya ta ƙulla yarjejeniyar sarrafa iskar gas a Kalaba da kamfanin P&ID. Ba a gina masana'antar ba, amma a 2017 kwamitin sasanci a Landan ya ɗora wa ƙasarmu diyyar dala biliyan 6.6, kuɗin ruwa ya kai ta sama da biliyan 11. Sai a Oktoban 2023 Mai Shari'a Robin Knowles ya yanke cewa da zamba aka samo hukuncin. Da dokar sasanci ta Ingila ta 1996 ta toshe ƙofar ƙalubale, da talakan da bai san an yi zaman ba ne zai biya.

Na yarda 'yan kasuwa suna bukatar hukunci mai sauri, amma dukiyar al'umma amana ce. Kuma in ɓera da sata, daddawa ma da wari: jami'anmu ne suka sa hannu. Duk yarjejeniyar sasancin da ta shafi baitulmali, a baje ta a faifai kafin a sa mata hannu.