Bindigar Kaka Tana Bukatar Isnadi

Jama'ar Zangon Yendi, muna tafka wata asara cikin shiru. Tsofaffin bindigogin da kakanninmu fatake suka rataya a hanyar Salaga suna barin gidajenmu ɗaya bayan ɗaya. Dillali ya ajiye 'yan sidi, ya naɗe ta a buhu, gobe a wani gari a raɗa mata suna "bindigar Babatu". Shin bindiga nawa Babatu ya bari sa'ad da ya rasu a garin nan a 1907, da har yau ba su ƙare ba?

Mu dubi Ingila, inda aka ƙera da yawa daga cikinsu. Kamfanin Purdey, wanda aka kafa a Landan a 1814, yana riƙe da littattafan da ke nuna lambar bindiga da sunan wanda aka ƙera wa. Shi ya sa tsohuwar bindigar farauta mai baki biyu takan ƙara daraja a gwanjo idan an san hannayen da ta bi. A Birmingham kuwa, tun 1813 akwai gidan gwajin da ke buga hatimi a jikin ƙarfen. Hatimin zai faɗi inda aka gwada bindiga, amma ba zai faɗi wanda ya saɓa ta daga Salaga zuwa Kano ba. Wannan aikinmu ne.

Mu da malamanmu ba sa karɓar hadisi sai an ce wane ya ji daga wane, yaya muka yarda kayan gadonmu su zama marasa isnadi?

Wasu suna cewa a bar tone-tone, domin wata bindigar ta kama bayi, wata ta ga basasar Salaga ta 1892, wata ta ga yaƙin Adibo da Jamusawa a 1896. Wannan shi ne dalilin rubutawa. In muka ɓoye abin kunya, dillali zai cika gurbin da ƙaryar da ta fi kawo kuɗi.

Ba tara makamai muke kira ba. Yendi ta san tsadar zaman lafiya. A yi wa kowace bindiga rajista yadda doka ta ce. Sannan a zauna da tsofaffi tun suna raye, a rubuta da ajami ko boko: ta wace ce, daga wa ya same ta, ina ta je. A ɗauki hoton hatimin, a ajiye kwafi a wurin Sarkin Zango. Abin da tsoho bai sani ba, a rubuta "ba a sani ba", kada a ƙago.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya ba mu ikon riƙe amanarsu.