KOWA YA CI LADAN KUTURU, SAI YA YI MASA ASKI

Ya ku 'yan'uwanmu talakawa, manoma da 'yan kasuwa na Zandam da Gwaram da Birnin Kudu, ku saurara.

A zamanin Turawa wayar tarho ta Razdan ce da Di'o da manyan kantuna. Talaka sai dai ya hangi igiyarta a bakin hanya. A shekarar 2001 aka sayar wa kamfanoni lasisin wayar hannu, kowanne dala miliyan 285, aka ce to, waya ta zama ta kowa. Muka yarda, muka sayi layi, muka sayi kati. Yau mai kai gero kasuwar Sara da waya yake jin farashi, ta cikinta kuma ake biyansa.

To, da me aka saka mana? A watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yarje wa kamfanoni su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Saƙon naira 4 ya koma naira 6. Wai man dizal ya yi tsada, naira ta faɗi. Mu fa, taki araha ya yi mana? Abin da mutumin Abuja yake biya shi muke biya. Shi yana magana daga kan gadonsa, mu kuwa sai mun hau tudu muna ɗaga waya sama kamar masu roƙon ruwa.

Ba mu manta da farkon 2023 ba, sa'ad da aka canja kuɗi, takardar naira ta ɓace, aka ce kowa ya yi ciniki ta waya. Mutum ya sayar da akuyarsa, mai saye ya ce ya tura, sabis ya ɗauke, har rana ta faɗi ba akuya ba kuɗi.

Dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusu musamman domin kai waya ƙauyuka. Tsarin Gwamnati na 2020 ya yi alkawarin intanet mai sauri za ta kai kashi 70 cikin ɗari a 2025. Muna tambaya, ina rabon Zandam ya kwana?

A kasuwa, mai awo da ƙaramin mudu Sarkin Kasuwa ke kama shi. Wa zai kama mai karɓar cikakken kuɗi yana ba da rabin magana?

Saboda haka, duk ranar da sabis ya ɗauke, ku rubuta rana da wuri, ku kawo ofishin jam'iyya. Za mu haɗa takarda, mu kai wa 'yan majalisarmu na Dutse da Abuja. In sun yi shiru, mu haɗu ranar ƙuri'a.