Alƙawari kaya ne: ina jirgin Gaya?

Duk ɗan kasuwar da ke Tanda ya san abin da ake kira bashi. In ka ba mutum buhun shinkafa, sai ka rubuta sunansa da ranar biya. Abin mamaki, 'yan siyasa kaɗai muka saba ba bashin ƙuri'a ba tare da mun rubuta komai ba.

Tun bayan babban taron ƙasa na 1991 muke jin jawabai a tarukan jam'iyyu. Ko sunayensu ma alƙawari ne: Nasara, Tarayya, Rahama, Zaman Lahiya, daga baya Lumana. Kowane shugaba in ya hau mumbari sai ya rantse haɗa kan 'yan ƙasa ya zo yi. Mata su ɗaura zanen jam'iyya, su yi guɗa, a ba su kuɗin mota. In an watse kuwa, sai ka ga maƙwabta biyu a rumfa ɗaya sun daina gaisawa saboda mutanen da ba su ma san sunayensu ba.

Mu ɗauki misali guda. A watan Afrilu 2014 aka ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa da aka ce za ta tashi daga Yamai ta bi Dosso da Gaya, ta haɗe da ta Parakou zuwa tashar ruwan Kwatano. Kamfanin Bolloré ya shimfiɗa kimanin kilomita 140 zuwa Dosso. Aka yi bikin buɗewa a ƙarshen Janairu 2016, makonni uku kacal kafin zaɓen shugaban ƙasa. Daga nan shiru. Ƙarfen bai iso Gaya ba, kuma wanda aka shimfiɗa ɗin bai ɗauke wa ɗan kasuwa ko buhun albasa ba. Wa ya tambaya? 'Yan adawa sun yi dariya, magoya baya sun kawar da kai, asarar kuwa ta kowa ce.

A watan Maris 2025 hukumomin soja sun rusa jam'iyyun baki ɗaya, aka tsayar da wa'adin riƙon ƙwarya na shekara 5. Wasu na ganin ke nan rarrabuwa ta ƙare. Mu ba mu ga haka ba. Rusa jam'iyya ba ya rusa gaba, kuma ba ya yafe bashin alƙawari, ko na farar hula ne ko na mai kaki.

Abin da ya haɗa kan mutanen wannan yanki a zahiri ba jawabi ba ne, wahala ce. Da aka rufe gadar Gaya da Malanville bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ba a tambayi katin jam'iyyar kowa ba kafin kuɗin fito a kwalekwale ya shiga cikin farashin kaya. Iyakar Najeriya ta wajen Kamba an buɗe ta a Maris 2024, amma gadar ta kai ƙarshen 2025 a rufe, hukumomi na cewa dalilin tsaro ne. Tsaro gaskiya ne, ba mu musa ba. Sai dai mai sayar da kifi da mai rake su ma suna da haƙƙin a faɗa masu inda aka kwana.

Shawararmu ga shugabannin 'yan kasuwa da uwayen adashi na Tanda ita ce su zauna wuri ɗaya, ba tare da duba wanda kowa ya zaɓa a 2021 ba, su rubuta buƙatunsu a takarda guda: sauƙin ƙetare kogi, rage shingayen da ake tatsar direbobi, gyaran hanyoyin da ke kai amfanin gona kasuwa. Su miƙa ta ga hukumomin Gaya da gwamnan Dosso, su ajiye kwafi. Duk wanda ya zo neman goyon baya nan gaba, a karanta masa ita a gaban jama'a, ya faɗi wadda zai yi da watan da zai gama.