A Bar Yaro Ya Goyi Bayan Gizo

Idan shinkafa ta fara nuna a gonakin da ke tsakanin Kura da Bunkure, aikin da ya fi faɗa wa yara shi ne korar tsuntsu. Tun da sassafe yaro zai tsaya a bakin gona da gwangwani mai tsakuwa a ciki, yana kaɗawa yana ihu, domin jan-baki idan ya sauko da yawansa yana iya sussuke wahalar wata huɗu a 'yan kwanaki. Yaron nan ya san ɓarawon gona, ya kuma san abin da ɓarnarsa take jawo wa tukunyar gidansu. Amma da dare, idan kakarsa ta ɗauko tatsuniyar Gizo da hankaki, sai a ga wanda ya yini yana gadin amfanin gona ya koma bayan ɓarawo, yana dariya, yana fatan Gizo ya tsira.

Manya da yawa suna ganin wannan a matsayin abin damuwa. Alhali kuwa wannan shaƙuwa ita ce ƙofa mafi faɗi da yaro yake bi ya shiga karatu, kuma masu rubuta littattafan yara da masu koyar da su sun daɗe suna rufe ta da hannunsu.

Tatsuniyar kanta ta isa misali. Hankaki sun san wani ɓaure a tsakiyar kogi. Gizo ya yi ta naci har suka ara masa gashin fukafukansu, ya bi su. Da aka isa, sai ya hana kowa taɓa 'ya'yan, duk wanda aka nufa ya ce shi ya riga gani. Hankaki suka fusata, kowa ya zare gashinsa, suka tashi suka bar shi a kan reshe, ruwa ta kowane gefe. Yaro mai shekara bakwai ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Shi ne ƙarami a gida, shi ake aika, shi ake hanawa, shi ne mai kwaɗayin abin da hannunsa bai kai ba. A dajin da zaki yake da ƙarfi, giwa take da girma, kura take da haƙori, Gizo ba shi da komai sai baki da dabara, kuma abin da yaro yake da shi ke nan a tsakanin manya. Saboda haka idan Gizo ya hau ɓaure, yaron ne ya hau. Idan aka bar shi a kan reshe, gaban yaron ne yake faɗuwa.

Masu adawa suna da hujjar da ba za a raina ba. Gizo maƙaryaci ne, mai haɗama, mai cin amanar abokin tafiya, ko matarsa Ƙoƙi ba ta tsira daga makircinsa ba. Uban da yake son ɗansa ya tashi da gaskiya yana da dalilin tambaya: me ya sa za a ba yaro irin wannan gwarzo? Daga wannan tsoro ne aka samu irin labaran da suka cika wasu littattafan firamare, inda zomo yake gaida iyayensa, yake wanke hannu, yake zuwa makaranta a kan lokaci, labari ya ƙare babu abin da ya same shi. Zomon nan ba shi da aibi, kuma ba shi da masoyi. Yaro zai haddace shi don jarrabawa, ya manta da shi kafin hutu.

Abin da ake mantawa shi ne, sau da yawa Gizo yana girbar abin da ya shuka. Ya maƙale a jikin 'yar danƙo saboda satar gona, an bar shi a kan ɓaure saboda rowa. Yaron da ya so shi tun farkon labari shi ne wanda hukuncin yake yi wa zafi, domin ya ɗanɗana daɗin haɗamar, sannan ya ɗanɗana kunyar kamuwa, duk ba tare da an taɓa lafiyar jikinsa ba. Wanda bai shaƙu da Gizo ba, faɗuwarsa ba za ta koya masa komai ba. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah, amma sai in wanen ya damu da wanda ya gani.

Magabata a adabin Hausa sun fahimci haka. Frank Edgar ya buga tarin tatsuniyoyin da malamai suka rubuta masa a littattafai uku tsakanin 1911 da 1913, kuma Gizon da ke ciki ba a wanke shi ba. Da Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, sai ya ɗora nauyin labarin a kan aku, tsuntsun keji wanda ya hana ɗan sarki faɗawa halaka ta hanyar riƙe shi da labarai dare bayan dare, har daga baya ya kai ga sarautar waziri. Ɗalibai da yawa da suka karanta littafin sun manta sunayen sarakunan ciki, amma ba su manta akun ba, saboda ƙarami ne da ya yi nasara da harshe. Ibrahim Yaro Yahaya ma, a jerin Tatsuniyoyi da Wasanni da ya fitar a farkon shekarun 1970, ya kai Gizo aji da halinsa. Tun kafin su duka, Kalila wa Dimna, wanda Ibn al-Muƙaffa ya mayar Larabci a ƙarni na 8, ya sanya diloli biyu a fadar zaki don ya koyar da masu mulki sharrin annamimanci.

Akwai wata hujja ta biyu, daga masu bincike. A 2017 wasu masana na Jami'ar Toronto a Kanada, ciki har da Patricia Ganea, sun karanta wa yara 'yan shekara 4 zuwa 6 labari guda a kan kyauta, wasu da mutane a matsayin taurari, wasu da dabbobi. Waɗanda suka ji na mutane ne suka ƙara yin kyauta bayan karatun. Sakamakon gargaɗi ne ga duk mai zaton labarin dabba ƙwayar magani ce da za a haɗiya yau, hali ya gyaru gobe.  Sai dai ba a auna wane labari ne yaro zai nemi a sake masa ba. Sannan dabbar littafin yaron birni baƙuwa ce a wurinsa, alhali yaron Bunkure da jaki ya tashi, ya san taurin kan akuya, ya san balbela ba ta rabuwa da garken shanu.

A nan ne babban giɓin yake. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwan da aka janyo ta magudanai ya sauya rayuwar Kura, Bunkure da Garun Malam. Shinkafa, tumatir, albasa da alkama sun maye gurbin zaman jiran damina. Sama da shekara hamsin ke nan, amma da wuya a sami littafin yara na Hausa da wannan duniya ta shiga cikinsa. Ga kwaɗon da ke zaune a ƙarshen magudana, wanda ruwa ba ya isowa gare shi sai na sama sun ƙoshi. Ga tarwaɗar da aka rufe ruwa ta maƙale a taɓo. Ga ciyawar kacalla da ta toshe hanya, kowa yana jiran maƙwabci ya fara yanka. Ga ɗan jan-baki mai jin yunwa, wanda yake ganin yaro mai gwangwani a matsayin dodo. Rigimar rabon ruwa tsakanin na sama da na ƙasa, da ta manomi da makiyayi bayan girbi, su ne rigingimun da yaran nan za su gada. Yaron da ya taɓa zama kwaɗon ƙarshen magudana na minti goma, ko da gonar ubansa a bakin ruwa take, ya san wani abu da lacca ba za ta sanar da shi ba.

Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, kuma hankali ya fi karkata ga gine-gine, kujeru da ɗaukar malamai. Duk wajibi ne. Amma aji mai sabon rufi ba ya sa yaro son karatu idan babu kowa a cikin littafin da ya damu da shi. Gyaran da ake buƙata a nan ba shi da tsada. Marubuta su bar dabbobinsu da aibinsu, su kuma ɗauko su daga gonakin da yara suka sani. Malami kuwa, idan ya gama karanta labari, ya jinkirta tambayar nan ta darasin da aka koya, wadda amsarta ɗaya ce kuma kowa ya haddace. Ya tambayi yaran wa suka fi so a cikin labarin, da dalili, da abin da za su yi in su ne a kan reshen. Wani zai ce Gizo, wata ta ce hankakan da aka cuta, gardama ta kaure, kowa ya koma shafi yana neman hujja da yatsa. Yaron da yake bin layi da yatsa don ya kare Gizo ya riga ya fara karatu, ko da malamin bai ce a buɗe littafi ba.