Daga Bakin Hanya: Sukur, Garin da Ƙarfe Ya Gina

'Yan'uwanmu masu bin hanyar Mubi zuwa Madagali, ko masu tsallakawa Kamaru ta wajen Mokolo, sun sha ganin duwatsun Mandara ta tagar mota. Kaɗan ne suka san cewa a saman ɗaya daga cikinsu akwai ƙauyen Sukur, wurin farko a Najeriya da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya, a 1999.

Mota ba ta kaiwa sama. Da ƙafa ake hawa, kan hanyar da aka shimfiɗe da faffaɗan duwatsu tun zamanin kakanni. A can ƙoli fadar Hidi take, wato sarkin garin. Kada ka sa ran ganin soro da zayyana irin na Kano ko Zazzau. Katanga ce ta dutse zalla, an jera ɗaya kan ɗaya, ba laka ba siminti, ta kewaye ɗakuna da rumbuna da turken bijimi da aka haƙa cikin ƙasa don kiwo. Ƙasa da fadar kuma gonaki ne hawa-hawa, kowace da 'yar katangarta mai tare ruwan damina.

Me ya ba ƙauyen kan dutse irin wannan ƙarfi? Ƙarfe. A da, mutanen Sukur kan tattara baƙin yashin tama daga rafuka, su haɗa da gawayi a murhun yumɓu, su yi ta zuga har ƙarfe ya fito. Sai a buge shi sanda-sanda, fatake su hauro su saya su kai ƙasar Barno, a ƙera fartanya da gatari. Hidi na samun rabonsa a wannan ciniki. Har yau ragowar murahun suna nan kusa da gidaje.

Harin Hamman Yaji na Madagali tsakanin 1912 da 1922 ya jigata garin, amma bai kashe sana'ar ba. Tsofaffin ƙarafan mota da kayan Turai masu araha ne suka kashe ta. Zuwa wajen 1960 wutar murahun ta mutu. Wa zai kwana yana zuga alhali ga sifirin ɗin mota a kasuwa, maƙeri ya saya ya sare? Na san cikin masu karanta wannan shafi akwai 'yan gwangwan da yawa, daga Ankara har Yawunde. Ban ce laifinku ne ba, Alhaji, ciniki ne ya zo da haka.

A 2014 'yan Boko Haram sun hau dutsen sun ƙona gidaje, har da wani ɓangare na fadar. Jinkar ciyawa ta ci wuta, katangun dutse suka tsaya, mutanen gari suka dawo suka sake rufi. Wanda zai je da iyali ya fara tambayar halin tsaron hanya a Mubi, ya kuma tashi da sassafe kafin rana ta buɗe, don hawan ba na wasa ba ne.