Tsakanin Littafi da Majinyaci: A Fara Koyar da Kalmomin Likitanci Tun Daga Sakandare

Hausawa na cewa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A kowace shekara ɗalibai masu yawa a makarantun sakandare na Dutsin-Ma da Kurfi sukan zauna jarrabawar WAEC da NECO da burin samun kiredit biyar a Turanci da Lissafi da Bayoloji da Kimistiri da Fizis. Wasu na hangen makarantar koyon aikin jinya ta Katsina, wasu ta ungozoma da ke Malumfashi, wasu ta horar da ma'aikatan lafiya da ke Kankiya, wasu kuwa karatun likita suke nema a jami'a. Amma duk wanda Allah ya ba shi sa'ar shiga, abu na farko da zai tare masa hanya shi ne dogayen kalmomi masu wuyar faɗa, waɗanda bai taɓa ji ba a gida ko a kasuwa. Abin da ya saba yi shi ne hadda irin ta aku, ya rubuta a ranar jarrabawa, ya manta bayan mako guda.

Wannan hadda ba ta da amfani ga wanda rayukan mutane za su kasance a hannunsa. Don haka ya kamata a fara koyar da kalmomin likitanci tun daga ajin farko na babbar sakandare, kuma a koyar da su ta hanyoyi biyu a lokaci ɗaya. Ta farko, a nuna wa ɗalibi yadda ake fasa kalma a ga abin da ke cikinta. Ta biyu, a jera kowace kalma da takwararta ta Hausa, wadda majinyaci zai zo da ita asibiti, a kuma nuna inda suka dace da inda suka saɓa.

Kalma ma tana da gaɓoɓi

Galibin kalmomin likitanci an gina su ne daga Girkanci da Latin, kuma tubalan da aka yi ginin da su ba su da yawa. Alal misali, hepar a Girkanci hanta ce, nephros ƙoda ce, gaster ciki ne, arthron kuwa gaɓa. Ɗafin -itis, idan ya zo a ƙarshen kalma, yana nufin kumburi mai zafi. Ɗalibin da ya riƙe waɗannan biyar, ba ya bukatar kowa ya fassara masa hepatitis ko nephritis ko gastritis ko arthritis. Idan aka ƙara masa haima, wato jini, da ouron, wato fitsari, da kansa zai gane cewa haematuria fitsarin jini ne. Tubali arba'in ko hamsin sun isa su buɗe masa ɗaruruwan kalmomi.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga ɗan Bahaushe. Ya san cewa daga fitsari aka sami mafitsara, daga haihuwa aka sami mahaifa, kuma ya san aikin da ɗafin ma- yake yi a cikinsu. Wanda ya yi Islamiyya kuwa, ya ga yadda baƙaƙe uku na Larabci suka haifi kalmomin littafi da marubuci da ɗakin karatu. Aikin malami kawai ya nuna masa cewa abin da ya riga ya iya a harsunan nan biyu, shi ne ake bukata a na uku.

Kada kuma a ɗauka wannan wasan kalmomi ne kawai. Ɗafin hyper- yana nufin hauhawa fiye da ƙima, hypo- kuwa faɗuwa ƙasa da ƙima, ga shi a baki kusan lafazinsu ɗaya. Mai ciwon suga yana iya suma saboda sugan jininsa ya hau, yana kuma iya suma saboda ya faɗi. Idan aka yi wa wanda sugansa ya faɗi allurar insulin, ana iya rasa shi. Wato dai tsakanin rai da ajali akwai lokacin da bai wuce bambancin baƙi ɗaya ko biyu ba.

Majinyaci da Hausa zai zo

Fasa kalma rabin aiki ne. Yarinyar da ta gama karatun ungozoma ta dawo Babban Asibitin Kurfi, ko saurayin da aka tura ƙaramin asibiti a wani ƙauye na Dutsin-Ma, da Turanci suka yi karatu, amma da Hausa za su yi aiki. Tsohuwar da ta kawo jikanta za ta ce shawara ce ke damunsa, manomi zai ce jijiya ce ta riƙe shi, wani ya ce sanyi ne ya kama shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ma'aikaci ya iya sauraro kafin ya gano abin da ake nufi. A nan ne ake samun tuntuɓe, domin kalmomin harsunan biyu ba su faɗa a kan juna daidai wa daida ba.

A ɗauki kalmar jijiya. Bahaushe yana kiran abubuwa huɗu da wannan suna: wadda ke ɗauke jini daga zuciya, da wadda ke mayar da shi zuciya, da wadda ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki, da kuma wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi. A littafin Bayoloji kowace da sunanta da aikinta. Ma'aikacin da ya san haka, idan aka ce masa ciwon jijiya, zai ci gaba da tambaya har ya gane wacce ake nufi.

Shawara kuma alama ce, kamar yadda hayaƙi yake alamar wuta. Ido da fata suna yin rawaya idan wani sinadari mai suna bilirubin ya taru a jini, kuma dalilan taruwarsa suna da yawa: ciwon hanta, zazzaɓin cizon sauro, sikila, toshewar hanyar ruwan matsarmama, ko kuma hantar jariri da ba ta gama nuna ba. Kowane da irin maganinsa. Shawarar jariri idan ta yi tsanani tana iya taɓa ƙwaƙwalwa, alhali kuwa ana maganinta a asibiti ta hanyar sanya shi a ƙarƙashin wata fitila ta musamman.

Haka nan sanƙarau. Bahaushe ya raɗa wa cutar suna ne daga sanƙarewar wuya, su kuwa likitoci sun kira ta meningitis, wato kumburin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. A annobar shekarar 1996, fiye da mutum 100,000 suka kamu da ita a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu, akasarinsu a Arewa, kuma a 2017 ta sake ɓulla a jihohin Zamfara da Sakkwato da Katsina. Abin lura shi ne, jariri yana iya kamuwa ba tare da wuyansa ya sanƙare ba, sai dai a ga zazzaɓi da ƙin mama da tasowar maɗiga. Duk wanda ya tsaya ga sunan Hausa kaɗai zai zauna jiran alamar da ba lalle ta zo ba. Wanda ya haɗa sunayen biyu shi zai iya ce wa uwa ta garzaya asibiti tun da wuri.

Akwai kuma misalin da ke ƙofar gida. A yankin da ke da madatsar ruwa irin ta Zobe, wadda aka kammala a 1983, da tafkuna da kududdufai, yaran da ke wanka da kamun kifi suna cikin haɗarin kamuwa da tsargiya. Tsutsar da ke jawo ta tana girma ne a jikin dodon-koɗin ruwa, ta fito ta huda fatar mutum, ta zauna a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara. Wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz ne ya gano ta a Alƙahira a 1851. Sunanta Schistosoma haematobium, ga kuma haima ɗin nan na ɗazu a cikinsa. A wurare da dama ana ɗaukar fitsarin jini ga yaro namiji a matsayin alamar girma, alhali cuta ce mai lalata mafitsara da ƙoda, kuma tana da magani mai suna praziquantel. Ɗalibin da aka koya wa wannan darasi a aji, tun kafin ya zama ma'aikaci ya fara amfanar ƙannensa.

Kowane suna da tarihinsa

Wani amfanin jera kalmomin shi ne, ɗalibi zai daina raina harshensa, kuma zai daina karɓar duk abin da ya gada ido rufe. Kalmar malaria daga Italiyanci take, ma'anarta mugunyar iska, domin Turawan da sun zaci iskar fadama ce ke kawo zazzaɓin. Sai a 1897 Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro a ƙasar Indiya. A nan sunan Hausa, wato zazzaɓin cizon sauro, ya fi na Turanci faɗin gaskiya. A ɗaya ɓangaren kuma, sunan shan inna ya jingina cutar ga iskoki, alhali poliomyelitis ya nuna ainihin inda ɓarnar take, wato kumburin sashen laka mai launin toka. Sai da ma'aikata suka yi shekaru suna bi gida gida, suna bayani da harshen da iyaye ke ji, kafin a ranar 25 ga Agusta, 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar wannan cuta.

Amsa ga masu suka

Wasu za su ce manhaja ta riga ta cika, babu wurin ƙari. Amsa ita ce, ba sabon darasi ake nema ba. Kalmomin suna nan cikin littafin Bayoloji, a babin zagayawar jini da narkar da abinci da fitar da ƙazanta daga jiki. Minti biyar a farkon kowane darasi, a fasa kalma uku a kan allo, sun wadatar, kuma za su rage lokacin da ake ɓatawa wajen hadda.

Wasu kuma za su ce da Turanci ake jarrabawa, shigo da Hausa zai raunana ɗalibi. Lalle ne ɗalibi ya iya rubuta kalmar daidai, ya kuma iya furta ta, babu sassauci a kan wannan. Amma wanda ya san ma'anar abu ya fi wanda bai sani ba iya riƙe rubutunsa. Hausa a nan tsani ce, ita ce kuma kayan aikinsa bayan an gama jarrabawa.

Akwai masu cewa Hausa ba ta da kalmomin kimiyya. Tarihi bai goyi bayansu ba. Tun a 1916 likita J. M. Dalziel ya wallafa littafi guda na sunayen tsirrai da Hausa, ƙamusun Bargery na 1934 kuwa cike yake da sunayen cututtuka da sassan jiki. Binciken da Lewis Wall ya yi a ƙasar Malumfashi, wanda ya fito a littafi a 1988, ya nuna zurfin tunanin Bahaushe game da cuta da lafiya. Inda babu kalma kuma, Hausa ta saba aro da ƙira: likita da asibiti da sikila aro ne, hawan jini da yoyon fitsari da yanar ido ƙira ce. Turawa ma haka suka yi. Sunayen Latin na biyu daga cikin tantanin ƙwaƙwalwa, dura mater da pia mater, fassara ce daga littattafan likitocin Larabawa.

Yadda za a soma

Kowane ɗalibin kimiyya ya keɓe littafin rubutu guda, ya raba shafi gida huɗu: kalmar likitanci, tubalan da aka gina ta da su, abin da Bahaushe ke cewa, sai kuma inda ma'anonin suka saɓa. Gida na huɗu shi ya fi muhimmanci. Gida na uku kuwa a cika shi daga bakin iyaye da kakanni da ungozomomi da wanzamai da mahauta, domin babu wanda ya kai mahauci sanin sunayen kayan ciki. Malamin Bayoloji da malamin Hausa su riƙa duba littattafan tare. Sau ɗaya a zango, a gayyato ma'aikacin jinya daga asibiti mafi kusa, ɗalibai su gwada yi masa bayanin cuta guda da Hausa tsantsa, ba tare da cusa Turanci ba, kamar suna magana da tsohuwa daga ƙauye.

Dutsin-Ma ta yi sa'ar da garuruwa da yawa ba su yi ba. Tana da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita mai horar da malamai, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, ga kuma babban asibiti. Idan masana kimiyya da masana Hausa da ma'aikatan asibiti suka zauna tare, ba zai gagare su ba su tsara ɗan ƙaramin littafi na kalmomi ɗari uku ko huɗu, a raba wa makarantun Dutsin-Ma da Kurfi, a gwada shi, a gyara.

Kammalawa

A yankin da ke fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya, ga matsalar tsaro da ke sa baƙo jin nauyin zama a karkara, 'ya'yan wurin su ne abin dogaro. Su za su karɓi haihuwa da tsakar dare, su za su karanta takardar likita su faɗa wa majinyaci abin da ke cikinta. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma majinyacin da bai fahimci cutarsa ba da wuya ya sha magani yadda aka umarce shi. Alli da allo da malami mai himma sun isa a soma wannan aiki, kuma zangon karatu mai zuwa ya dace a soma shi.