Wane Ne Yake Koya Wa 'Ya'yanmu Sira, Malami Ko Majigi?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya zaɓar wa ManzonSa mafifitan sahabbai, Ya sanya son su ya zama addini, ƙin su kuwa ya zama ɓata. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan uwa Musulmi, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan wata shi ne wata amsa da wani ɗalibi ya ba ni a makarantar Islamiyyar da nake koyarwa da yamma. Na tambayi aji wane ne ya jagoranci rundunar Musulmi ranar Badar. Kafin in rufe baki hannuwa sun tashi. Yaron da na nuna ya ce Sayyidina Hamza ne. Na ce masa a wane littafi ka karanta haka? Sai ya ce ai shi ba karantawa ya yi ba, da idonsa ya gani. Ya shiga siffanta mini wani dogon mutum mai furfura a gemu, a kan doki, yana tsara sahun mayaƙa. 'Yan uwansa suna ta gyaɗa kai, domin su ma sun gani. Wallahi yaron nan ba ƙarya ya shirya ba. Mutumin da ya siffanta kuwa Anthony Quinn ne, ɗan wasan Amurka haifaffen Meziko, a cikin fim ɗin Arrisala.

Ga wanda bai sani ba, Arrisala fim ne da Mustafa Akkad, mutumin Halab ta ƙasar Siriya, ya fitar a 1976 game da farkon Musulunci. An fara ɗaukarsa a Maroko, aka ƙarasa a Libiya, kuma an yi shi kashi biyu da 'yan wasa daban-daban: na Turanci, inda Anthony Quinn ya fito a Hamza, Irene Papas ta fito a Hindu, da na Larabci, inda Abdullahi Gaisu ya fito a Hamza, Muna Wasif ta fito a Hindu. Iyayenmu sun kalle shi a kaset ɗin bidiyo, yanzu kuma ga shi a wayar salular 'ya'yanmu. Adalci ne mu faɗi cewa Akkad ya yi taka-tsantsan iyakar fahimtarsa. Bai nuna Manzon Allah (S.A.W.) ba, bai sa an ji muryarsa ba, haka nan bai nuna halifofi huɗu ko iyayen muminai ba. Daga Aliyu (R.A.) ba a ganin komai sai takobinsa. Duk da haka malamai sun saɓa tun a lokacin: malaman Azhar sun duba rubutun labarin suka bari, Rabiɗatul Alamil Islami ta Makka kuwa ta ƙi amincewa.

To, ku dubi abin da wannan taka-tsantsan ɗin da kansa ya haifar. Tunda fim ba ya yiwuwa sai da jarumin da ido zai riƙa bi, kuma an ɗauke manyan sahabbai huɗu daga fage, dole aka ɗora wa Hamza (R.A.) nauyin da tarihi ya rarraba wa mutane da yawa. Sai mai kallo ya tashi da Badar wadda babu Abubakar (R.A.) a cikinta, alhali shi ne yake tare da Manzon Allah (S.A.W.) a cikin rumfa yana ganin ƙanƙan da kansa ga Ubangijinsa ranar 17 ga Ramadan shekara ta 2 bayan hijira. Sai ya tashi da Makka wadda babu musuluntar Umar (R.A.) a cikinta. Fim ɗin ya tsallake daga Uhudu zuwa Hudaibiyya, babu Handaƙ ta shekara ta 5, wadda Allah Ya ba da labarinta a cikin Suratul Ahzab. Babu mai musun falalar Hamza, Zakin Allah, shugaban shahidai. Amma jagoran Badar Manzon Allah ne (S.A.W.), kuma yaron da bai san haka ba an tauye masa asalin darasin.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Ku tambayi duk wanda ya kalli fim ɗin abin da ya fi tunawa game da Hindu 'yar Utba da Wahshi. Zai ce muku matar nan mai ƙiyayya a ido wadda ta yi wa bawa alkawarin dukiya don ya kashe Hamza, da bawan nan mai mashi. Amma a cikin Sahihul Buhari Wahshi da bakinsa ya ba da labari cewa ubangidansa Jubairu ɗan Muɗ'imu ne ya yi masa alkawarin 'yanci idan ya kashe Hamza, don ɗaukar fansar baffansa da aka kashe a Badar. Ƙissar tauna hanta kuwa, duk da shahararta a littattafan tarihi, masana hadisi sun yi magana a kan isnadinta. Sannan babbar magana: Hindu ta musulunta a shekarar buɗe Makka, ta yi mubaya'a. Wahshi ya musulunta, kuma da mashin nan nasa ya soki Musailamatul Kazzabu a yaƙin Yamama. Su biyun sahabbai ne, muna nema musu yardar Allah. Aƙidar Ahlus Sunna ita ce tsarkake zuciya da harshe game da sahabbai baki ɗaya. Yaya zuciyar yaro za ta tsarkaka game da matar da bai san ta da wata fuska ba sai fuskar ranar Uhudu, an haɗa masa da kiɗa mai tayar da tsikar jiki?

Abu na uku shi ne ɗan wasan kansa. Sana'arsa ce ya zama kowa. Shi wannan Anthony Quinn ya fito a Barabbas a 1961, ya fito a Zoba mutumin Girka mai rawa da shan giya a 1964, ya fito a Fafaroma a 1968. Fuskar da ta sa hular Fafaroma ita ce 'ya'yanmu suke gani idan aka ambaci baffan Manzon Allah (S.A.W.). Ban ce mutumin ya yi nufin wulaƙanci ba. Abin da na ce shi ne zuciya ba ta iya raba suna da fuskar da aka liƙa masa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta yanke hukunci tun 1393 bayan hijira, wato 1973, cewa bai halatta a kwaikwayi sahabbai ba, kuma Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ta sake tabbatar da haramcin kwaikwayon annabawa da sahabbai a zamanta na Makka a ƙarshen 2010.

Wanda yake ganin malaman nan sun tsananta, ya dubi inda ƙofar ta kai bayan an buɗe ta. A 2008 aka fitar da dogon shirin talabijin na Iran a kan Annabi Yusufu (A.S.), inda saurayi ɗan wasa ya fito ƙarara a matsayin annabin Allah, kuma an kalli wannan shiri a gidajenmu. A 2012 tashar MBC ta nuna shirin Umar, wanda Hatim Ali ya ba da umarni, inda aka nuna fuskokin halifofi huɗu duka, waɗanda Akkad ya ji nauyin nunawa. Wasu sanannun malamai sun duba rubutun wannan shiri, amma Azhar da Muftin Saudiyya sun yi inkarinsa. Shirin Turkiyya na Ertugrul kuma, wanda aka nuna daga 2014 zuwa 2019, ya kawo Ibnu Arabi, wanda ya rasu a Dimashƙa a 1240, a siffar dattijo mai farin gemu wanda yake bayyana duk lokacin da jarumi ya shiga ƙunci ya ba shi mafita. Babu wata hujja ta tarihi da ta tabbatar da cewa mutanen biyu sun taɓa haɗuwa. Matashin da bai taɓa jin raddin da malamai suka yi wa maganganunsa a kan wahdatul wujudi ba ya riga ya so shi tun kafin ya san abin da ya rubuta. Haka majigi yake shigar da aƙida, ba ta ƙofar hujja ba, ta ƙofar so.

Na san abin da wani ɗan uwa zai ce, kuma maganarsa tana da fuska. Zai ce mutane da yawa sun zubar da hawaye ganin Bilalu (R.A.) a ƙarƙashin dutse, da tsayuwar Ja'afar (R.A.) a gaban Najjashi, har wasu sun fara sha'awar Musulunci ta nan. Zai ce Alƙur'ani cike yake da ƙissoshi, kuma Allah Ya siffanta ƙissar Yusufu da mafi kyawun labari. Duk wannan gaskiya ne. Amma ƙissar Alƙur'ani gaskiya ce tsantsa, babu ƙari babu ragi, alhali marubucin fim dole ne ya ƙirƙiro hira ya sa a bakin sahabi, ya ƙirƙiro kallo da murmushi da fushi waɗanda babu mai ruwaito su. Mu da muka tashi muna yaƙi da hadisan ƙarya a kan mumbari, muna tambayar kowane mai wa'azi wa ya ruwaito, ta yaya za mu yi shiru idan ƙagaggen zance ya zo da hoto mai launi? Hawaye ba ya inganta ruwaya. Da yana ingantawa, da masu ƙissoshin ƙarya da magabata suka riƙa kora daga masallatai sun fi kowa gaskiya.

Wannan ba ya nufin komai hukuncinsa ɗaya ne. Malamai sun saɓa a kan asalin wasan kwaikwayo. Shaihu Bakar Abu Zaid ya wallafa littafi yana hana shi, wasu kuma sun halatta shi da sharuɗɗa, matuƙar babu ƙarya ga wani mutum ayyananne, babu cakuɗuwar maza da mata, babu izgili ga addini. Ko a wurin masu halattawa, akwai tazara tsakanin sahabi da waninsa. Shi dai Akkad ya fitar da fim ɗin Umar Mukhtar a 1981, labarin malamin Alƙur'ani na Libiya wanda ya yaƙi Italiya kusan shekara 20 har suka rataye shi a Suluƙ ranar 16 ga Satumba 1931 yana da shekara sama da 70. Wa ya manta da tabaransa da ya faɗi ƙasa, ƙaramin yaro ya ɗauka? Ƙarfin wannan fim ya kai hukumomin Italiya suka hana nuna shi, sai a 2009 aka sa shi a talabijin a can. A nan gida kuma, a shekarar da Arrisala ya fito, Adamu Halilu ya fitar da fim ɗin Shaihu Umar daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda jaruminsa ƙirƙirarren mutum ne. Kuskure a kan irin waɗannan kuskure ne a tarihi ko adabi. Kuskure a kan sahabi kuwa kuskure ne a kan waɗanda suka ɗauko mana addini.

Yanzu bari in juyo kanmu, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Me ya sa yaron nan ya riƙe fim ya manta darasi? Saboda mun mayar da sira jerin shekaru da adadin mayaƙa, a haddace a rubuta a jarrabawa a manta. Muna karantar da Hulasatu Nurul Yaƙin kamar muna karanta takardar haraji. A wa'azinmu kuma mun fi ƙwarewa wajen jero haramtattu fiye da ba da labarin mutanen da muke cewa a yi koyi da su. Mutanen da suka cika Plaza da Eldorado da Marhaba a Kano don kallon finafinan Indiya, har yau suna iya ba ka labarin Mother India da Sholay daki-daki, ba don ƙwaƙwalwarsu ta fi ta ɗalibanmu ba, sai don an ba su labarin yadda zai zauna. Ɗan Adam yana son labari. Idan malami bai ba shi ba, wani zai ba shi.

Saboda haka ina kira ga abubuwa uku. Na farko, ga iyaye: kada a kawo wa yara fim ɗin da ya nuna annabi ko sahabi da sunan tarbiyya, ko da an rubuta masa sunan Musulunci a goshi. Idan kuwa sun riga sun gani, kada a tsaya ga tsawa. A zauna da su a tambaye su abin da suka gani, a buɗe littafi a gwada musu inda ya saɓa. Na biyu, ga malaman Islamiyya: a ba sira haƙƙinta. Malami ya yi muɗala'a a Arrahiƙul Mahtum na Mubarakfuri da babin yaƙoƙi na Sahihul Buhari kafin ya shiga aji, ya ba da ƙissar da Hausa mai daɗi, da sunayen mutane da wurare, ya rarrabe wa ɗalibai ingantacce da mai rauni. Labarin Ka'abu ɗan Maliku da kwana 50 na ƙauracewa, kamar yadda ya zo a Buhari da Muslim, babu marubucin fim da zai iya ƙaga irinsa. Na uku, ga shugabannin ƙungiya: a ware majalisin sira na mako-mako a masallatanmu domin yara da matasa, a zaɓi masu fasahar magana a ba su wannan aiki, a ɗauke shi da muhimmanci kamar yadda aka ɗauki tafsirin Ramadan.

Shi yaron da na ba ku labari, washegari na karanta musu ƙissar Badar tun daga shawarar da Manzon Allah (S.A.W.) ya nema, da jawabin Miƙdadu da na Sa'adu ɗan Mu'azu, har zuwa fitowar Hamza da Aliyu da Ubaida don mubaraza. Aka tashi lokaci bai ishe mu ba. Shi ne ya biyo ni bakin ƙofa yana tambaya ko gobe za mu ci gaba.

Allah Ya sanya mana son sahabban ManzonSa a kan ilimi, Ya tsare zukatanmu da na zuriyarmu daga ƙin ɗayansu, Ya tashe mu a cikin tawagarsu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.